Tabarmar Rakiyar Gwaggo Tsahara

A kan wani dogon teburin ƙarfe, a filin jirgin saman wata ƙaramar ƙasar Turai, aka kwance mini kayana kaf. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don mutanenta ba su yi mini laifin komai ba. Ma'aikata biyu ne suka tsare ni, mace da namiji, kowa da safar roba a hannu. Suka buɗe buhun farko, kaba. Suka buɗe na biyu, kaba, amma rinanna, ja da baƙa. Namijin ya zaro guda ya shinshina, ya tambaye ni da Faransanci ko ci ake yi. Na ce masa ko akuyarmu sai ta rasa abin ci take taɓa ta, saƙa ake yi da ita. Bai yi dariya ba. Ya ce ina takardar da ta nuna ganyen ba shi da ƙwari.

Sunana Habsu. Masaƙiyar tabarma ce ni, daga wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza, inda yarinya take koyon tsaga kaba tun kafin ta iya ɗaura zane. Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta wajenmu ce ta ƙulla yarjejeniya da wani gidan masu fasaha na can: su aiko mutum ɗaya ya zauna wurinmu wata uku, mu ma mu aika ɗaya. Aka zaɓe ni. Ba don na fi kowa iya saƙa ba, don dai na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida ne, kuma bakina ba ya mutuwa a gaban baƙo.

To, ranar bakin ya mutu. Wa zai gaya mini ana yi wa ganyen goriba takarda? Wata biyu na yi ina zaɓen kabar nan a kasuwar Madawa, ina tsagawa, ina rinawa da karan dafi, hannuna har ya yi ja kamar na amarya. Na yi magiya da Faransanci, da ya ƙare na koma Hausa. Suka ɗora buhunan a kan amalanke, suka manna musu takarda, wani ya tura su ta wata ƙofa. Saura ƙulli na uku, wani naɗi mai nauyi da aka ɗaure da igiya. Matar ta jujjuya shi, ta ce wa abokin aikinta wannan an riga an saƙa shi, ba ɗanyen ganye ba ne. Ta miƙo mini, na rungume na fita.

Naɗin nan ba nawa ba ne, na Gwaggo Tsahara ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta koya mini sana'a. A gidanmu, duk macen da ta tsufa a kan saƙa ita take saƙa tabarmar da za a naɗe ta a ciki ranar da za a kai ta makwancinta. Tabarmar rakiya muke ce mata. Tsohuwar za ta kwanta a ƙasa a gwada tsawonta da igiya, a ƙara taƙi ɗaya. Sai ta zauna a hankali ta yi doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu, tana yi tana naɗewa. Amma ba ita take haɗawa ba. Ɗinkin haɗi da rufe baki aikin ɗiyar da ta koya wa sana'a ne, wadda ta fi yarda da hannunta. Gwaggo ni ta ba. Shekara biyu ina yi mata gobe, gobe, don a raina haɗa tabarmar kamar kiran ranar ne. Ita kuwa idonta yana ta rufewa.

Da za ni tafi sai ta sa aka ɗauko naɗin daga rataye.

"Habsu, kin ce can babu daka, babu surhe, babu zuwa rijiya. To mi za ki yi da hannunki wata ukku? Tahi da ita ki haɗa mani, ki ruhe baki, ki maido mani abata."

"Gwaggo, ke da za ki bizne mu dut?"

"Bari wanga zance. Ni na san abin da ƙahwahuna ka hwaɗa mani."

Kabar ɗinkin ma ita ta tsaga, ta tufke ta ta zama igiya, ta ɗaure naɗin da ita. Shi ya sa ma'aikatan filin jirgi ba su gane ta ba.

Zangona na biyu ofishin Madam An ne, shugabar gidan da zan zauna. Siririyar mace ce mai furfura a goshi, tana tafiya da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Da ta ji labarin kabar ta dafe kai, ta yi ta buga waya har la'asar. Amsa ɗaya aka ba ta, an riga an ƙone. Ta ba ni haƙuri, ta ba ni shayi, sannan ta ajiye mini takardu shafi shida a gabana. Ta ce in karanta a tsanake, in akwai abin da ban gane ba in tambaya. Allah shi ne shaida ta faɗi haka. Girman kai ne ya hana ni. Ni da aka zaɓo daga cikin mata tamanin saboda boko, in buɗe baki ranar farko in ce ban gane ba? Na yi ta juya shafuka ina gyaɗa kai, na sa hannu a inda ta nuna.

Gidan tsohuwar masaƙa ce a bakin wani kogi da ba ya gudu. Mu biyar ne baƙi. Akwai mai zane, akwai mai gyaran ƙarfe, akwai wata mai rawa ba kiɗa, akwai wani da duk aikinsa shi ne ɗaukar ƙarar ƙofofi a na'ura. Har na bar ƙasar ban gane wa yake sayar wa ba. Aka ba kowa ɗakin kwana da ɗakin aiki. Nawa ɗakin aikin ya fi zauren maigarinmu girma, fari fat, da teburi da kujera, kuma ba ko tsinken kaba a ciki.

Sanyi ya dame ni, burodi da cuku sun ishe ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun. Ni tunda nake ban taɓa saƙa ni kaɗai ba. A gida gindin bedi, bishiyar dogon yaro, muke zama mu bakwai, mu takwas, kaba a hammata, hannu yana aiki baki yana aiki, a yi gulmar wanda ya dawo daga Abijan da rediyo ba batir, a yi faɗa, a shirya kafin azahar. A can kuwa kowa ya shiga ɗakinsa sai ya ja ƙofa. Idan ka ga mutum a hanya ya ce maka sannu da kalma ɗaya ya wuce, ba ya tambayar gida, ba ya tambayar gajiya. Da safe nakan farka ina jiran ƙarar turmi, sai in ji motar shara.

Madam An ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kawo mini zaren roba, ta kawo takarda murɗaɗɗiya, ta kawo wata ciyawa mai santsi da ke zamewa daga yatsa. Daga baya ta kawo mini mutum. Sunansa Yos, tsoho ne mai saƙar kwando, gajere, mai hannu kamar saiwar itace. Ba ya jin Faransanci, wani yaren ƙasar yake yi, don haka da hannu muka yi ta magana har ƙarshe. Ya zo da sandunan wata bishiyar bakin ruwa, ya nuna mini yadda ake jiƙawa, yadda ake lanƙwasawa. Sandunan suka yayyanka mini yatsu. Bayan sati biyu na gama kwando guda, karkatacce, wanda ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a ciki ba. Yos ya ɗaga shi ya duba, ya ajiye a hankali. Washegari ya dawo da wani gwangwani na man da suke shafa wa nonon saniya, ya nuna tsagun hannuna, ya ajiye ya tafi. Man nan ya yi mini aiki, har yau gwangwanin yana ɗakina.

A sati na biyar aka cuce ni, kuma ɗan'uwana baƙar fata ne ya yi. A cikin jirgin ƙasa muka haɗu, yana sanye da kwat mai kyau, ya kira ni 'yar'uwa. Da na ba shi labari ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ƙanensa yana shigo da kayan Afirka, kaba buhu-buhu tana sito. In ba shi abin da zai ba masu fito, ranar Asabar in zo babban birni in ɗauka. Na kwance bakin zane na ba shi. Ranar Asabar na shiga jirgi tun da safe, na yi ta nuna wa mutane takardar da ya rubuta mini har na kai wurin. Shagon aski ne. Mai askin ya ce ni ce ta uku da ta zo neman mutumin nan, ɗaya kifi aka yi mata alkawari, ɗaya man ja.

Na koma gar, wato tashar jirgin ƙasa, na zauna a kan benci, na rasa ma wane jirgi ne nawa. Sai na buɗe baki na yi ta ja masa Allah ya isa da ƙarfi, da shi da ƙanensa da kwat ɗinsa. Can na ji an ce a bayana:

"Subhanallahi! Wa ka zagi da Hausar Adar cikin gar ɗin nasara?"

Na juya. Wani dattijo ne da rigar ma'aikata, riƙe da tsintsiya mai dogon hannu. Malam Isuhu, mutumin Tamaske, shekararsa goma sha ɗaya yana sharar jiragen ƙasa. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ya tsaya har na gama, ya tambayi garinmu, ya tambayi gidanmu, ashe ya taɓa sayen tabarma hannun matan ƙauyenmu. Da ya tashi aiki ya kai ni wurin matarsa Rabi. Ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ta ce in ci da hannu, nan ba mai kallona. Na ci har na ji kunya. Tun daga ranar kowace Lahadi a gidansu nake wuni.

Ranar Juma'a kuwa ranar waya ce. Baturiyar da aka aiko a madadina, Katrin, a ɗakina aka sauke ta, ita take riƙe wa Gwaggo waya a kunne.

"Nasararki ta iya tsaga kaba," in ji Gwaggo, "amma hura kamar magani ta ka shan ta. An ce an ƙone maki kaya?"

"An ƙone, Gwaggo."

"Tawa hwa?"

"Taki na nan lahiya lau."

"Kin hwara?"

"Na kusa."

Haka muka yi ta yi kowace Juma'a, tana tambaya ina cewa na kusa.

A sati na takwas Madam An ta zauna da ni. Cikin ladabi ta yi maganar. Ta ce saura sati biyu a buɗe nunin ayyukanmu, shugabannin gidaje uku da suka haɗa hannu a shirin za su zo, kuma abin da suka gani shi zai sa su ci gaba da musayar baɗi ko su tsaya. Ta dubi ɗakin, ta dubi karkataccen kwandona, ta ce kada in damu. Ni kuwa na tuna matan gindin bedi, kowace tana jiran nata layin, na tuna yadda aka raka ni tasha da guɗa.

Da ta fita na jawo naɗin Gwaggo. Wallahi ba don nuni na kwance shi ba, ƙamshin gida nake nema. Igiyar tana sakewa ƙamshin ya taso, hayaƙin ɗakinta da man shanu da ƙasar Adar. Na warware saƙar a ƙasa, ta yi ta tafiya har bangon ɗakin ta dawo. Ban taɓa ganin tsaga mai laushi irin wannan ba, kuma mace mai rabin ido ce ta yi ta da lalube. A farkon saƙar zanen daidai yake, ja a wurin ja, baƙi a wurin baƙi. Daga tsakiya, inda idonta ya fara tafiya, sai launin ya rikice, ta sa ja inda baƙi ya kamata, wani wurin ta bar fari. Amma saƙar kanta ko kaba ɗaya ba ta kuskure ba.

Na cika bahon wanka da ruwa na jiƙa kabar ɗinki, don na'urar ɗumama ɗaki tana busar da ita ta karye. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa, na ɗauki basilla. Kwana tara na yi ina haɗi. Su ne kwanakin da na fi jin daɗi a ƙasar, ko abinci sai Rabi ta buga waya ta tuna mini. A rana ta tara na rufe baki, na yi wa Gwaggo addu'ar tsawon rai, na shimfiɗa tabarmar a tsakar ɗaki ina kallo. A daidai nan Madam An ta ƙwanƙwasa ta shigo.

Ta tsaya cik. Ta cire takalmi, ta zagaya tabarmar sau biyu, ta durƙusa a inda launin ya rikice ta ce nan ne fasahar take, yadda tsari ya fara a nutse sannan ya wargaje. Ni kuwa na san makanta ce.

"Habsu, wannan kike ɓoye mana? Ke kika yi?"

Amsar gaskiya gajera ce: gwaggona ce ta saƙa, ni haɗawa na yi, kuma ta rakiya ce, ba ta kallo ba. Tana bakina. Amma wata biyu na yi ina yawo a gidan nan kamar wadda aka kawo bisa kuskure, yau ga mace ta cire takalmi saboda abin da ke gabana. Na ce, "Ni ce." A raina na ce ai da hannuna a ciki, kuma sati uku ne kawai, a rataye a sauke, in naɗe abata in tafi gida.

Ranar buɗe nuni aka rataye ta a farin bango, aka haska mata fitila, aka manna ɗan kati a gefe da sunana. Mutane suka yi ta tsayawa a gabanta da hannu a baya, ba a yarda kowa ya taɓa ba. Aka tafa mini, aka ɗauki hotona, wata mata ta rungume ni. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, daɗin ya shiga har ƙashina. Can sai ga Yos da tsohuwar hularsa. Shi bai tsaya daga nesa ba. Ya matsa ya ɗaga gefen tabarmar ya dubi bayanta, don a baya ake gane aikin masaƙi. Ya bi saƙar da yatsa, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya juyo ya dubi hannuna, sannan ya ɗaga mini yatsu biyu. Hannu biyu ne suka yi aikin nan. Na kawar da kai, shi kuma bai gaya wa kowa ba.

Saura kwana shida in taso na tafi da igiyata in naɗe tabarma. Madam An ta yi mamaki. Ta buɗe aljihun teburi ta fito da takardun da na sa wa hannu, ta nuna mini shafi na huɗu. Duk aikin da aka yi a zaman, zai zagaya gidajen uku na tsawon wata goma kafin a mayar wa mai shi. Da murna take gaya mini, har ta ce tabarmata aka zaɓa za a buga a jikin takardar talla. Na ce mata to.

Na tafi gidan Malam Isuhu ba ranar Lahadi ba, na kwashe duka na gaya musu. Rabi ta riƙe baki. Shi kuwa ya dube ni ya ce:

"Habsu, kin yi wauta, amma ba ta kai ga lalacewa ba. Koma ki hwaɗa mata gaskiya. Mutanen ga suna da taurin takarda, amma sun san mutuwa, su ma suna bizne uwayensu."

"In sunka ce matan Madawa maƙaryata na, sunka ruhe shirin hwa?"

"Ke dai hwaɗi. Tsohuwa ta ba ki amana."

Sau biyu ina zuwa har ƙofar ofishin. Na farko na tarar tana waya, na ce ba yanzu ba. Na biyu ta ɗago ta yi mini murmushi, ta nuna mini takardar tallar da aka bugo, sunana da manyan baƙaƙe. Na ce ta yi kyau, na fito. Na gaya wa kaina saboda matan gindin bedi na yi shiru. Ƙarya nake yi wa kaina. Kunya ce, da kuma rashin son mayar da tafin da aka yi mini.

Na iso gida da akwati cike da tsaraba. Katrin ta riga ta tashi kwana biyu kafin in zo, mun saɓa a hanya. Bayan an watse na shiga ɗakin Gwaggo na durƙusa, na ɗora mata bargo mai laushi a cinya. Ta shafa, ta sa albarka, ta ture shi gefe.

"Ina take?"

"Tana tahowa, Gwaggo. Masu jirgi sun ce ta yi tsawo, ta posta za a aiko."

Ta ci gaba da juya carbi.

"Nasararki ta ga hoto cikin waya. Ta ce mani kin yi tabarma an rataye ga bango, mutane na kallo. An ƙone maki kaba, Habsu, kuma ga tabarma ga bango. Ido na nir rasa, ba hankali ba."

Na kifa kai a kan gwiwarta. Na so ta zage ni, ko ta ɗauki muciya kamar da. Ba ta yi ba.

"Sun duba bayanta?"

"Wani tsoho ya duba."

"Mi yac ce?"

"Ya ce hannu biyu na."

"To, shi ya san aiki. Kin ruhe baki?"

"Na ruhe, Gwaggo."

"Shi ke nan. Ki ce su yi sauri."

Ko a nan ɗin da na rubuta wa Madam An, da komai ya gyaru. Ban rubuta ba. Na ce wata goma kamar gobe ne, Gwaggo ta ga yunwa ta ga annoba ta wuce su, wata goma ba zai gagare ta ba. Duk ranar kasuwar Madawa, in masu zuwa kasuwa sun dawo, sai ta kira ni ta ce posta ba ta zo ba? In ce tukuna. Daga baya ta daina tambaya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

A wata na huɗu, da safe, kwana biyu bayan ruwan shuka, Allah ya karɓi abarsa. Matan da suka yi mata wanka suka gama, suka sa mata likkafani, sai babbarsu ta leƙo ta kira ni a gaban jama'a.

"Habsu, kawo tabarmar."

Duk matan gidan sun san ni aka ba. Na tsaya a inda nake. Aka jira, aka jira, maza suna waje rana tana ɗagawa. Akwai tabarmin kaba a kowane ɗaki na ƙauyen, amma babu macen da za ta miƙa tata a naɗe Tsahara, don kowa ya san ta yi wa kanta. A ƙarshe liman ya aika aka ɗauko tabarmar roba daga masallaci, koriya, wadda gefenta ya fara zarewa. A cikinta aka fita da matar da ta yi shekara sittin tana saƙa kaba.

Bayan addu'ar bakwai na tafi Madawa na zauna a ofishin ƙungiya, na rubuta wa Madam An komai da Faransancina na aji shida, ban ɓoye ko ɗaya ba, aka aika ta intanet. Washegari ta kira ni tana kuka.

"Habsu, me ya sa ba ki gaya mini ba? Da a ranar zan sauke ta da hannuna."

A ranar kuwa ta sa aka sauke. Ba wanda ya ce matan Madawa maƙaryata ne, ba a rufe shirin ba. Da shekara ta zagayo wata ƙawata ce ta tafi, da kabarta da takardar ƙwarinta. Abin da na yi ta tsoro bai faru ba.

Kwana goma sha takwas tabarmar ta yi a hanya. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa, don in san iyakar abin da ya raba Gwaggo da abarta. Ta iso cikin dogon kwali, an naɗe ta da farar takarda, da sabon kati a ciki: saƙar Tsahara, haɗin Habsu. Na ɗauko ta a kai daga bakin hanya har gida, matan gindin bedi suka bi ni da ido.

Na shiga ɗakin Gwaggo na ja ƙyaure, na shimfiɗa ta a inda take kwanciya. Na ce to, tunda sunana aka rubuta mata a can, bari in ajiye ta har ranar tawa rakiyar, ko ta yi amfani. Na kwanta a kai na miƙe, na daidaita kaina da bakin da na rufe. Gwaggo gajeriya ce, ni kuwa doguwa. Daga ƙwaurina zuwa ƙasa, ƙafafuna a kan turɓaya suke.